Tagar da ba tawa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wanke tukunyar koko da safen nan aka bugo mini waya, wai Malam Sale kafinta na Makoda ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki.



Ga wanda bai san shi ba, ɗakin katako da kwano yake yi. Ka kira shi a waya, ya yanka komai a shagonsa, ya ɗaure, ya aiko maka a mota har ƙauyenku, sai haɗawa kawai. Ni ma na sa ya yi wa Innata ɗaya, don ɗakinta na ƙasa ya tsage.

Da na ce masa ban yi boko ba, ba zan gane lambobinsa ba, sai ya yi dariya. "Ai kin yi allo, Malama. Alif ya haɗu da alif, jim ya haɗu da jim, ɗaki ya tashi." Haka ya bi kowane katako ya rubuta.

Har da ledar guntayen katako ya sako, wai jikokina su haɗa gidan wasa. Ban roƙa ba.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwa ne. Ya tsayar da babur ya ce, "Malama, direba ya haɗa taga ɗaya cikin kayanki, ba taki ba ce. Naki duk ɗigon shuɗin fenti ne, ita kuwa ja. Ajiye mini, zan zo in kai wa mai ita."

Na ce to. Ban tambayi ta waye ba. Mutum na gabana lafiyarsa lau, me zai sa in tambaya?

Ɗazu na kira direban, bai sani ba. Iyalinsa kuwa na cikin makoki, da wane baki zan yi musu zancen taga?

Ga hadari ya fara haɗuwa. Wani yana can ɗakinsa a buɗe, yana jiran wanda ba zai zo ba. Tsorona kada haƙƙin nan ya bi bawan Allah kabari, alhali kayan yana hannuna.

Don Allah ku yaɗa, daga Minjibir har Watari. Wanda katakonsa ke da jan ɗigo kuma babu taga, ya yi mini magana a nan.

Allah Ya gafarta wa Malam Sale, Ya yalwata makwancinsa, Ya sauke masa duk wani nauyi. Ku sa shi a addu'a, ku roƙa mini Allah Ya nuna mini mai tagar nan kafin ruwa ya sauka.

Tagar na bayan ƙofata, na lulluɓe ta da zani.