Ranar da Na Hana Baƙo Zuma

A shekarun da nake sayar da zuma da man shanu a bakin tashar Tambuwal, daga Kebbe nake ɗauko kayana a kan babur, in iso da ciwon baya. Motocin Sakkwato da Jega wucewa kawai suke yi. In direba ya tsaya, to ruwa zai zuba wa inji.

Wata Asabar bayan La'asar, dattijo mai shayi da kowa ke jin maganarsa ya tara mu: ni, da mai tsire, da mai faci, da wata Bafulatana mai fura da nono. Ya ce mu daina rububin baƙo. Duk wanda matafiyi ya zo wurinsa, ya nuna masa kayan maƙwabcinsa, don a san garin nan ma wurin tsayawa ne. Kowa ya ce ya gane, har da ni. Abin da na ɗauka shi ne, kada ka sayar da naka sai baƙo ya gama zagayawa.

Bayan kwana biyu wani Alhaji ya sauko daga motar haya, ya nufo teburina. Ya ce daga Jega yake, mahaifiyarsa ke tari.

Na ce, "Akwai zuma, Alhaji, amma fara leƙa mai tsire."

"Tsire kuma? Ni zuma nika so."

"Za ka samu. Leƙa dai."

Ya dube ni, ya dubi kwalaben, ya tafi. Ashe mai tsire ma irin fahimtata ya yi. Ya rufe namansa da takarda, ya tura shi wurin mai fura. Ita kuwa abin da ta ji shi ne a yi wa baƙo kyauta. Ta dama masa ƙwarya guda, ta rantse ba za ta karɓi ko sisi ba, sannan ta nuna masa mai faci. Ina hangen mai faci yana tambayarsa lafiyar tayoyinsa, Alhaji yana nuna masa da hannu cewa motar ba tasa ba ce.

Nan direba ya fara danna oda. Na ɗauki kwalba na tashi, sai na tsaya, don ban sani ba ko zagayen ya cika, tunda bai je wurin mai shayi ba. Ina wannan tunani mota ta tashi.

Da yamma muka yi ta musu. Kowa ya maimaita abin da ya ji, babu biyu da suka zo ɗaya. Muka ce wa mai shayi, "Baba, mi kac ce mu yi?" Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce shi allo yake nufi mu kafa a bakin hanya. Babu wanda ya tuna an ambaci allo.

Tarin tsohuwar nan ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Mako na gaba sai motoci suka fara tsayawa, wata rana har huɗu. Na tambayi wani direba dalili. Ya yi dariya ya ce fasinja ne ke matsa masa, suna son ganin garin da ake ba mutum fura kyauta a hana shi zuma. Wata mata ta sauko daga motarsa ta tsaya gabana tana murmushi. Na riƙe kwalbar, na rasa ko miƙa mata zan yi ko in tura ta wurin mai tsire. Na juya wajen mai shayi, shi kuwa ya tafi alwala.