Soson Jirgin Malam Jumare

A Dagona, in aka ambaci Malam Jumare, ranar da Malama Toyin ta miƙe tare da kujerarta ake fara tunawa. Malamar jami'a ce daga Gashua, ta zo kallon tsuntsaye, shi kuma ya ɗauke ta a kwalekwalensa da ya shimfiɗa wa sabon soso a kan katakon zama. Da suka dawo gaɓa ta tashi, soson ya biyo zaninta. Ita dariya ta yi. Shi ko murmushi bai yi ba, sai ya waiwaya yana duban wanda ya fi kowa jin daɗin abin.

Haka Allah ya yi shi. Bafillatani ne da ya bar shanu ya kama ruwa, kuma ko kifin da ya kama da hannunsa sai ya sansana kafin ya yarda. In ka ce masa ruwa ya ja baya, sai ya tambaye ka wa ya aiko ka.

Gam ɗin da ya liƙa soson da shi, a kasuwar Gashua ya saya, wajen Celestine mai kayan gyaran takalmi.

"Baba, ka bar katakon ya bushe," in ji Celestine. "Ka shafa gefe biyu, ka jira har ya daina kama yatsa, sannan ka danna."

Malam Jumare ya ce to. A hanya ya yi nazari: wane irin gam ne sai ya bushe zai kama? Wato so ake ya lalace a sake komawa shago. Ya shafa shi jiƙe a kan katako mai danshi, ya danna nan take.

Bayan abin Malama Toyin ya sake liƙawa har sau uku, duk ta hanyarsa. Kullum da safe sai ya tarar bakin soson ya ɗaga. Zarginsa ya sauka kan Yunusa, Babarbaren da ke ɗaure jirgi kusa da nasa, wanda shi ma yake ɗaukar baƙi. Shekara talatin suna cin tuwo a kwano ɗaya a gindin tsamiya, suna zagin juna irin na wasan Fulani da Barebari. Sai ga Malam Jumare ya janye hannunsa daga kwanon. Ya barbaɗa toka kewaye da jirgin don ya kama sawu. Sawun agwagi ya samu.

Da farko Yunusa ya ɗauka wasa ne.

"Kai bawana, yaushe ka fara azumi ba ka gaya wa ubangidanka ba?"

"Mai ɓare wa mutane soso ba ya da bawa."

Yunusa ya rufe kwanonsa. Kwana tara ba gaisuwa, har mutanen bakin ruwa suka daina dariya.

Rana ta goma Yunusa ya zo, ya ja jirgin Malam Jumare tudu. Ya bar shi ya sha rana yini biyu, ya kankare tsohon gam da wuƙa, ya shafa sabo gefe biyu. Sai ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Me kake jira?" in ji Malam Jumare.

"Hankalinka nake jira ya dawo daga kiwo. Zauna."

Da gam ya daina kama yatsa, ya danna soson, ya bi shi da dunƙulen hannu. Damina biyu ke nan bai motsa ba.

Yanzu sun koma kwano ɗaya. In aka tsokani Malam Jumare, aka ce, "Malam, ashe dai ba Yunusa ba ne?" sai ya kai loma, ya dubi Yunusa ta wutsiyar ido.

"Na yarda ba shi ba ne. Amma mutumin da ya iya liƙa abu haka, ku tabbata ya iya ɓare shi. Shi ya sa na dawo cin tuwo da shi, idona yana kansa."