Kaset ɗin Yaya Daga Amurka

Shekara tara da tafiyar yayana Amurka, ya aiko mana da kaset ɗin bidiyo ta hannun wani ɗan unguwar Krofrom da ya zo ganin gida. Mma, mahaifiyarmu, har wanka ta yi, ta ɗaura sabon zane. Burinta ɗaya ne, ta ga fuskar ɗanta.

Na sa kaset a dek, wato na'urar bidiyo. Murya ta fito tangaran, hoto kuwa sai birgima yake, baƙi da fari, layi-layi. Na bubbuga talabijin, na hure kaset, duk a banza.

Washegari na kwashi kayan na kai wa wani mai gyara a unguwar Alabar.

"Tiibiinku lafiya lau yake," in ji shi. "Layin hoton Amurka daban, namu daban. Sai dek mai cin duka biyu. Naku ba zai yi ba koraa, ko kaɗan."

Akwai irin wannan dek ɗin a gidan wani alhaji a unguwarmu, amma mun taɓa sa-in-sa da ɗansa, ni kuma Allah ya yi ni da riƙo. Na yi ta ce wa Mma gobe. Da ta gaji, sai ta mai da kaset ɗin rediyo. Ta zauna gaban hoton mai birgima tana jin Yaya yana cewa, "Mma, kin gan ni ko? To, kin dai gani." Sai ta yi dariya ta ce, "Ji shi, so yake in ce ya yi ƙiba."

Bayan wata biyar aka bugo waya cewa Yaya ya rasu. Muka ce mutuwar fuju'a ce. Da wannan zaton Mma ta koma ga Allah.

Bara na sa aka juye kaset ɗin a kwamfuta. Ita ba ruwanta da layin wace ƙasa. Hoton ya fito ɗan ƙarami a tsakiyar allo, in ka buɗa shi sai ya dusashe, amma ya isa. Yaya na zaune bakin gado, riga ta yi masa yawa, idanu sun faɗa, kwalaben magani jere a gefensa. Bai ɓoye komai ba. Bakinsa ne ya kasa gaya mata, shi ya sa ya nuna.

Har yau ban yafe wa kaina ba. Yana can yana jiran Mma ta ce ya dawo gida, mu kuma muka aika masa da ƙullin yaji, da saƙonta cewa ya rage cin maiƙo.