Gonar Kawu Sule a Saman Rufi

Duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Kawu Sule a unguwar Longsight ta Manchester ya san ba a juyawa daga bakin ƙofa. Sai ka shiga, sai ka zauna, sai ka ci wani abu. Mai kawo wasiƙa ya sha kununsa, mai karanta mita ya ci ƙosansa, har masu wa'azin coci da ke bi gida-gida sun zo jan ra'ayinsa, suka ɓige da shan zoɓo suna sauraron nasa wa'azin. "Baƙonka annabinka," in ji shi, yana jawo maka kujera. Wannan hali ya kusa sa mini hawan jini, domin mutumin nan da ke jawo kowa cikin gida yana da gonar wiwi a saman gidansa, tsakanin silin da rufi.

Na san wasunku yau kuka fara ji. Kawu dai yayan mahaifiyata ne, tsohon direban bas, mutumin sahun farko, ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Matarsa Inna Rabi ce ciwon jijiya ya kama, wanda likitoci ke kira MS. Ƙafafunta sukan sandare kamar itace, ta yi ta cizon matashi don kada a ji kukanta. Likitansu ya canza magani har ya gaji. Wata mata a asibiti ce ta raɗa mata cewa ganyen nan yana sassauta abin idan an dafa shi da man shanu an sa a shayi. Kawu ya ce shi ba zai saya wajen yaran titi ba, bai san me suke cakuɗawa ba, kuma ɗan manomi ba ya sayen abin da zai iya shukawa.

A wancan lokacin doka ba ruwanta da cewa don magani ne. In aka kama ka, gidan yari ne. Su biyu ne a gidan, Allah bai ba su haihuwa ba, ni kuma ina aikin jinya a Birmingham. Shi ke ɗaga ta, shi ke yi mata wanka, shi ke juya ta. Tun daga ranar da ya gaya mini, duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Fitilun da ake haska shukar da su, ya ce a Birmingham zai saya, inda ba wanda ya san shi. Sai ga Kawu ya sauko daga jirgi da babbar riga mai aiki da farar hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Haka muka shiga shagon, cike da samari kowa ya rufe kai yana sunne fuska. Ya yi ciniki kamar a kasuwar Kumasi, ya tambayi yaron shagon lafiyar iyayensa, ya gaya masa sunansa da sunan layinsu, ya ce in ya shigo Manchester lallai ya biyo ya ci tuwo. Muna fita na ce, "Kawu, ba ɓuya kuka zo yi ba?"

"Ke Dije, kin cika tsoro. Ai lambar gida ban faɗa ba."

Da shukar ta girma sai wari ya fara saukowa. Na kawo masa shawarar abin tace iska, ya ce ɓarna ce. Maganinsa shi ne ya riƙa soya daddawa da busasshen kifi safe da yamma, tagar kicin a buɗe. Ya yi aiki kuwa, har ya wuce gona da iri. Maƙwabciyarsa Baturiya ta kai ƙara council, wato ƙaramar hukuma, cewa akwai abin da ya mutu a gidan. Jami'in da aka turo, Kawu ya zaunar da shi ya zuba masa miyar kuka. Bawan Allah ya yi loma biyu, hawaye na zuba, ya ce ya gane inda matsalar take, ya fita da sauri. Kawu ya daɗe yana cewa yaron ya ji daɗin miyar, kunya ce ta hana shi neman ƙari.

Sai wata shekara dusar ƙanƙara ta sauka sosai. Na zo hutun ƙarshen mako, ina shan kwanar layin na ɗaga kai na dubi gidajen. Kowane rufi fari fat, ban da na Kawu, wanda zafin fitilu ya narkar, ya tsaya baƙi ƙirin a tsakiyarsu. Kowa ya san irin wannan rufi 'yan sanda ke nema. Na shiga na gaya masa. Ya fita ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce ƙaramin abu ne.

Ina ba Inna abinci na ji motsi. Na leƙa, sai ga dattijo mai furfura a kan tsani da bokiti, yana kwasar ƙanƙara daga ƙasa yana shafa wa rufinsa. Yana zubawa tana narkewa, yana saukowa yana ƙarowa. Duk layin an fito taga ana kallo.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Ɗan sanda ne, matashi. Wai maƙwabta sun kira, suna tsoron tsoho zai faɗo. Magana ce ta bakin ƙofa, a ce an gode, a rufe. Ina ƙifta wa Kawu ido kamar idon zai fita, amma ina, ya riga ya jawo kujera. Aka kawo masa waina da shayi. Na tsaya a kicin ina duba kwalbar man shanu sau uku don kada in ɗauko ta Inna.

Ɗan sandan ya zauna, ya shaƙi iska, ya ƙara shaƙa. Ƙarar fanka tana saukowa daga sama, kuma ranar ba a soya daddawa ba. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya tambayi Kawu me ke sama. Kun san Kawu, bai iya ƙarya ba. Na ga ya buɗe baki, na ce shi ke nan, yau Inna za ta kwana a hannun baƙi.

Inna ce ta riga shi, daga kan kekenta, da Turancinta na kasuwa. "It's mine. Maganina ne." Ta yaye zanin da ke cinyarta ta nuna masa ƙafafun. "In za ka tafi da mijina, officer, ka haɗa da ni. Ba wanda ya iya juya ni sai shi."

Yaron ya daɗe yana kallon ƙafafun nan. Ya ajiye kofi, ya miƙe, ya ce wa Kawu shi maganar tsani ta kawo shi, kada ya ƙara hawa. Ya fita. Na zauna a ƙasa ina kuka, Inna na kuka, Kawu kuwa yana duban kafet.

"Yaron kirki ne," ya ce. "Amma ya shigo mini da takalmi."

Inna ta ƙara shekaru tana samun barci. Washegarin jana'izarta Kawu ya hau sama shi kaɗai ya tumɓuke komai. Wani da ya ji ƙishin-ƙishin ya zo neman saye, Kawu ya ciyar da shi, sannan ya ce mai gonar ta tafi. Shi ma bai daɗe ba ya bi ta.

Ni ba malama ba ce, ban san yadda za a auna wannan aiki gobe ƙiyama ba. Na dai san abin da ya sa ya yi. Ya Allah, Kai ka ga ƙafafun nan, Ka ga mai ɗaukarsu. Ka dubi niyyarsa, Ka yafe masa, Ka haɗa shi da Hajiyarsa inda ba ciwo ba fargaba. Amin.