Ranar da Baba Ya Nemi Sakiya

Bara jikata da ke aikin jinya ta ba ni labarin wani magani. Wai yanzu idan ƙari ya fito a huhu, ko da dab da zuciya da manyan jijiyoyin jini ne, wani lokaci likita kan soka siririyar allura yana duba hoto, ya ƙone shi da zafi irin na injin ɗumama abinci. Na yi salati, don Baba ne ya faɗo mini a rai.

Baba wanzami ne a unguwar Zongo, ya iya sakiya: ya gasa ƙarfe ya huda kumburi. Ina sakandare lokacin, zamanin da ake fitar da mu daga aji mu yi wa jam'iyya rawa. Tari ya kama shi, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Ni na karanta masa takardar likita da ke da Faransanci: ƙari ne, ya jingina da babbar jijiya, wuƙa ba za ta shiga ba.

Bayan la'asar ya aika a kira ƙanensa, Baba Ƙarami, wanda shi ya koya wa sana'ar. Ya sa na kara hoton a ƙirjinsa, ya ɗiga gawayi a fatarsa daidai farin tabon da ke hoton.

"Gasa ƙarfe," ya ce.

"Yaya, wannan fa ba maruru ba ne."

"Kai da ka suma ranar da ka fara yi wa yaro kaciya, kai za ka koya mini?"

Baba Ƙarami ya hura wuta har ƙarfen ya yi ja. Inna ta shige ɗaki. Ni kuwa ina ta Ya Salamu a zuci. Baba Ƙarami ya durƙusa, ya ɗora yatsu biyu a kan gawayin, ya daɗe.

"Yaya, me ka ce mini in yi idan wuri na bugawa a ƙarƙashin yatsa?"

 Baba ya ce, "A bar wa Mai shi."

"To, yana bugawa."

Ya tsoma ƙarfen a ruwa, ya yi cuu. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Matsoraci. To tunda ka zo, yi mini aski."

Ya yi masa a hankali, yana share ido da kafaɗa. Bayan wannan Baba ya ƙara azumi ɗaya tare da mu.