Wuri Na Huɗu Da Raƙumin Inna Dije Ya Je

Shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa. Abin da ban yi shakkarsa ba shi ne murhun Inna Dije, kakarmu, a gidanmu na Illela, da gwangwanin madarar da take zuba garin haƙori a ciki.

Akwai tatsuniya guda da ba ta yi sai haƙori ya kama wani cikinmu. Bayan isha'i za ta jawo mai ciwon kusa da wuta, ta dangwali garin ta cusa masa a kogon haƙorin, ta ɗora kansa a cinyarta. Ni na fi kowa hawa wannan cinyar, saboda alewar Konni.

"Wane irin miji na wanga, haƙori na sa shi kuka?" haka take tsokanata. "Rufe baki, maigida, kak ka tofar min da magani."

Wai wani raƙumi ne mai dakon gishiri, haƙori ya kama shi a hanya. Ya durƙusa gindin bagaruwa, ta jefo masa 'ya'yanta uku. Ya je wurin tsohuwa mai koli, ta ba shi kanumfari bakwai. Bai daina kuka ba, sai wani tsuntsu ya ce, "Wawa, gishirin da ke bayanka fa?" Daga nan ya nufi wuri na huɗu.

Daidai nan barci ke ɗauke ni, ko da yaushe, don zogin ya lafa. Ban taɓa jin ƙarshen ba.

Inna ta rasu ina jami'a, ina cika littattafai da maganganun wasu. Ita ban tambaye ta komai ba. Sai makon jiya, da haƙori ya hana ɗiyata Hauwa'u cin abinci, likita a Sakkwato kuma ya ce mu dawo bayan mako biyu, na gane cewa tatsuniyar, a zatona, ita ce haɗin maganin, har da adadinsa.

Na kira Yaya Sanusi, ya ce gawayi ne na huɗun. Na kira Goggo Rabi a Amarawa.

"Mi? Gawayi? Kanwa ta! Kai da boko duk ba ka riƙe wanga ba?"

Na daka ukun da na sani, na fara gwadawa a dasashina. Ban ce ya warkar ba, ba kuma zan fasa komawa asibiti ba. Na dai sa wa Hauwa'u kaɗan, na kwantar da ita, na ja tatsuniyar. Ita ba ta yi barci ba. Ta cire hannu daga kunci ta ce, "Baba, to ina ya je?"

Haushin kaina ya cika ni.

Don Allah, duk wanda ya zauna a bakin murhun nan da lafiyayyen haƙori, ya gyara mini inda na kuskure, ya kuma faɗa mini inda raƙumin ya je. Yarinyar tana jira.