Shuɗin Zare a Rigar Nayfa

Wadha ko alif ba ta sani ba, amma ta dubi surfanin rigar mace sau ɗaya, za ta faɗa maka garinsu da halin da aurenta yake ciki. A ƙauyensu da ke kusa da Bir Saba, rabin amaren da aikin allurarta suka shiga ɗaki. Jan zare na mai miji ne. Shuɗi kuwa na wadda mijinta ya mutu ne, ita kanta ta koma masa tun ranar da aka binne mijinta, Abu Salama.

Cikin 'ya'yanta Nayfa ce ta gaji hannun, a cinyarta ta koya. Ita ce kuma Atiyya, ɗan maƙwabciyarsu Sabha, ya aura ya tafi da ita Brazil, inda yake da shagon takalma. Tun Wadha tana ƙirga shekaru har ta haƙura. Waya dai ana yi, "Lafiya lau, Mama," shi ke nan.

Sai ga wata mai shirya fim daga Haifa, wai tana ɗaukar matan da suka zauna da waɗanda suka tafi. Ta ɗauki Wadha tana ɗinki, ta kuma bi Nayfa har can. Ranar da aka haska fim ɗin a jikin bango, bayan la'asar, ɗakin taron mata ya cika maƙil, ana ta ɓarzar 'ya'yan kankana.

"Ummu Salama, wannan hancin naki ai shi kaɗai ya cinye bangon!" in ji Sabha, tana zolayar Wadha.

"Naki da aka gani ba a saka ba, kyamarar aka tausaya wa."

Ana cikin dariya Nayfa ta bayyana a fim ɗin, a ƙofar shago, ta yi ƙiba, tana murmushi. Baƙar riga ce a jikinta, surfani tun daga ƙirji har ƙasa. Shuɗi ne tas, babu ɗigon ja.

Sabha ta miƙe ta ɗora hannu a ka.

"Atiyya! Wayyo ɗana! Ya mutu aka ɓoye mini!"

Mata suka ɗauki salati. Mai fim ta tsaya baki buɗe, ta rasa abin da ta yi musu. Wadha ta danna waya.

"Ke Nayfa! Yaushe ya rasu? Don me kika rufe mu?"

"Wa ya rasu, Mama?"

"Mijinki!"

"Atiyya? Ga shi nan yana karin kumallo, ya cika baki da burodi. Me ya faru?"

"To shuɗin fa? Rigar da kika sa a fim?"

"Au, wannan? Ni na ɗinka, kyau ya ba ni. Shuɗin me ya yi?"

Sabha ta fizge wayar, tana kuka tana zagin ɗanta, mata suka rangaɗa guɗa. Wadha ta lallaɓa ta zauna. Ta dubi bakin hannun rigarta, shuɗin da ta sa don Abu Salama, sai hawaye.

Sabha ta dafa kafaɗarta. "Haba Ummu Salama, kukan me kuma? Ba wanda ya mutu."

"Ke naki yana nan," in ji Wadha. "Ni tawa tambayata take yi me shuɗi ya yi."